Damina Uku Muna Tuge Dawar Kada a Gonar Wani

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Romi ni da mahaifiyata da ƙannena biyu, wani abu ya same mu wanda har yau idan ya faɗo mini a rai sai in ji bakina ya yi ɗaci. Magana ce da ta daɗe da mutuwa, wanda ya yi mana ma ba ya duniya. Amma jiya na wuce wata gona a bakin hanya na ga ciyawar nan da ake kira dawar kada ta yi kai tana rangaji, sai komai ya dawo mini sabo. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin.

Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Da aka rufe masaƙar ya dawo gida ya zauna, zaman ya zame masa ciwo, ciwon kuma bai bar shi ba. Ya rasu ya bar mu a ɗaki biyu na haya. Ni a lokacin na gama kwalejin horon malamai ina jiran aiki, ba abin da na iya sai gyaran farce da zagayen ofisoshi da takardu a hammata. Mahaifiyata kuwa 'yar manoma ce, a ƙauye ta tashi, aure ne ya kawo ta Kaduna.

Bayan an gama zaman makoki, sai wani dattijon cocinmu ya zo gaisuwa. Babban mutum ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, yana da filaye a wurare da dama a bayan gari, kuma idan ya yi magana a majalisar coci ba mai ɗorawa. Kowa Baba yake ce masa. Ya zauna a kujerar mahaifina, ya cire tabarau ya goge ido, ya ce wa mahaifiyata, "Maman yara, mijinki ƙanena ne a cikin Ubangiji. Ba zan zuba ido 'ya'yansa su kwana da yunwa ba. Ina da gona can bakin rafi, ki je ki noma. Ko zangarniya ɗaya ba na so. Ki yi ta nomanki har sai ƙarfinki ya ƙare."

Mahaifiyata ta sauko daga kan benci ta durƙusa. Ni ma na durƙusa. Har hawaye na yi, in faɗa muku gaskiya.

Damina ta riga ta sauka, don haka ba mu ɓata lokaci ba muka je ganin gonar. Tun daga nesa na hango ta kore shar, tsirrai sun kai gwiwa, ganyensu faffaɗa yana ƙyalli. Na ce, "Mama, ashe ma Baba ya riga ya shuka mana dawa." Ta juyo ta dube ni irin kallon da ake wa wanda aka kashe wa kuɗin makaranta a banza. Ta sunkuya ta kama guda ɗaya ta ja, ta ƙi fita. Sai da ta sa hannu biyu ta tokare ƙafa sannan ta fito da dunƙulen ƙasa a saiwarta. Ta miƙo mini ta ce, "Wannan dawar kada ce. Ki gaishe ta, don za ku daɗe tare."

Ga wanda bai san ta ba, dawar kada ciyawa ce mai kama da dawa sak tun tana ƙarama. Tana son wuri mai damshi, bakin rafi da fadama. Idan aka bar ta tana wuce tsawon mutum, ta fitar da kai a warwatse mai 'yan ƙananan ƙwayoyi masu ƙaiƙayi, waɗanda ba sa jiran girbi, da sun nuna sai su zube ƙasa su kwanta jiran wata daminar. Idan ka sare ta, kututturen ya sake tofowa. Tohon ma ba a ba wa akuya, don yana iya kumbura mata ciki ya kashe ta. Idan kuma ka shuka dawa a cikinta ka shiga uku, ba za ka bambance su ba sai sun yi kai, sannan maganin feshin da zai kashe ta ba zai bar dawarka ba. Daga baya muka ji cewa gonar ta yi shekaru ba mai taɓa ta, 'yan ƙwadago ma idan aka kira su sai su ce suna da wani aikin.

Mahaifiyata ta ce ba za mu shuka hatsi ba tukuna. Muka sa dankali da wake, don duk abin da ya tsiro mai dogon ganye mu san abokin gaba ne. Daga nan aka fara. Kullum da sassafe mu fita da fartanya da buhu, mu bi kunya-kunya muna tugewa. Ganyenta kaifi gare shi kamar reza, ya yi mini zane-zane a hannu har zuwa gwiwar hannu, idan gumi ya shiga sai in ji kamar an zuba barkono. Farcena da nake ji da su kuwa, a makon farko suka yi sallama da ni. Sau da yawa nakan zauna a kan kunya in yi ta mita, in ce ni fa malamar makaranta ce. Mahaifiyata ba ta ko ɗago kai, sai ta ce, "To Malama, ga ɗalibanki can sun tsiro a bayanki."

Abin da ya fi karya zuciya shi ne ka share wuri tas, a yi ruwa biyu, ka dawo ka tarar sun fito kamar ba ka taɓa zuwa ba. Ƙwayar shekara da shekaru ce kwance a ƙasa take tashi kaɗan-kaɗan. Waɗanda suka tsere mana har suka yi kai, sai mu bi su da wuƙa mu yanke kan tun yana ɗanye, mu zuba a buhu a hankali kada ƙwaya ta zube, mu kai gefe mu ƙone. Har bakin rafin da ba namu ba sai da mahaifiyata ta sa muka bi, ta ce idan ka bar ta a maƙwabta ruwa zai kawo maka ita har gida. Wata rana tana jan wani babban kututture bayanta ya riƙe, ta kasa miƙewa, sai da na goyo ta zuwa bakin hanya muka samu keke mai ƙafa uku. Ko sati ba ta yi a kwance ba ta ɗaura zane a ƙugu ta koma.

Daminar farko abin da muka samu bai taka kara ya karya ba. Ta biyu da ɗan dama, muka sa gyaɗa da wake, muka riƙa ɗauko kashin kaji daga wani gidan kiwo muna kai wa gonar a ka, da tokar murhun da maƙwabta ke tara mana. A ta uku ne mahaifiyata ta zagaya gonar ta dawo ta ce, "Bana za mu sa dawa." Muka sa dawa da masara. Jama'a, ban taɓa ganin abu mai kyau irin gonar nan a shekarar ba. Masu wucewa har tsayawa suke yi suna tambaya ko gonar nan ce dai da suka sani. Ƙannena suka ci tuwo suka ƙoshi, muka sayar da kaɗan, muka ajiye iri.

Mahaifiyata ta zaɓi dami mafi kyau ta ce mu kai wa Baba. Na tuna mata ya ce ba ya son ko zangarniya. Ta ce, "Shi ya faɗi nasa, mu kuma mu yi namu." Ya karɓa da fara'a, ya sa mana albarka, ya ce zai leƙo ya ga gonar. Ya kuwa zo, a mota, ya taka har tsakiya da takalminsa mai sheƙi, ya ɗebi ƙasa ya murza a hannu. Ya ce, "Ikon Allah." Ya maimaita har sau biyu. Ni da wautata na ɗauka yabonmu yake yi.

Da wata daminar ta kawo kai, muka watsa taki, muka yi huɗa, muna jiran ruwa ya zauna mu shuka. Ran nan da safe muka iso da irinmu a ƙwarya, sai muka tarar da mutane a gonar. 'Yan ƙwadago ne sun jeru suna shuka a kan kunyoyin da muka yi da hannunmu, babban ɗan Baba yana tsaye a gefe yana danna waya. Mahaifiyata ta gaishe shi ta ce ko an yi ɓatan kai ne. Ya ce shi dai an aiko shi, in da magana mu je gida.

Muka je gida. Aka bar mu a baranda har rana ta take, sannan Baba ya fito da jarida a hannu. Mahaifiyata ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da muka gani, muryarta ƙasa-ƙasa kamar ita ce mai laifi.

Ya ce, "Af, ashe yaron nan bai sanar da ke ba? Ai na ce ya gaya miki. Bana ni zan noma wurin da kaina."

Ta ce, "Baba, mun riga mun zuba taki, mun yi huɗa."

Ya ce, "Allah ya saka miki. Amma Maman yara, aro ai ba kyauta ba ne."

A nan na kasa riƙe bakina. Na ce, "Baba, da bakinka ka ce ta noma har sai ƙarfinta ya ƙare."

Ya sauke tabarau ya dube ni, ya yi murmushi. "Haka na ce, 'yata. To ba ga shi ba? Ke ba ki ga yadda uwarki take tafiya a sunkuye ba? Tausayinta nake ji. Gonar nan ta yi mata girma." Ya juya wajen mahaifiyata ya ce, "Kada ki damu, ba zan bar ki haka ba. Akwai wani ɗan fili nawa ta wajen Kamazou, ki je ki duba. Akwai 'yar ciyawa kaɗan, amma ke ai kin iya da ita."

Na buɗe baki zan sake magana, mahaifiyata ta danne mini ƙafa da hannu. Ta ce, "Mun gode, Baba." Wannan "mun gode" ɗin ta fi komai ƙona mini rai. Muka kamo hanyar gida. Da muka shiga ɗaki na fashe, na ce yaya za a yi mutum ya ƙwace miki gumin damina uku ki ce kin gode. Ta ce, "Idan na zage shi, gobe me ƙannenki za su ci? Fushi ba ya tafasa tukunya. Shirya mu je mu ga filin."

Muka je Kamazou. Ba sai na gaya muku abin da muka tarar ba. Dawar kada ce tun daga bakin hanya har inda ido ya tsaya, busassun karan bara a tsaye, sababbi suna tasowa a ƙarƙashinsu. Muna tsaye muna kallo sai ga wata mata ta fito daga gonar da ke kusa, da fartanya a kafaɗa, za ta girmi mahaifiyata kaɗan. Muka gaisa. Ta dubi filin, ta dube mu, ta ce, "Baba ne ya turo ku?" Muka ce shi ne. Ta ce wa mahaifiyata, "Mijinki ya rasu ne?" Mahaifiyata ta ce e.

Matar ta sauke fartanyarta ta dogara a kai. Ta nuna mana wata gona can gaba, shimfiɗaɗɗiya, an shuka masara ta fara fitowa a jere. Ta ce, "Waccan ni na gyara masa ita. Shekarar da na rasa maigidana Baba ya zo har ɗakina ya ba ni. Da ta yi kyau ya ce ɗansa zai yi aure yana bukatar wurin. Kafin ni akwai wata a Sabon Tasha, ita ma gwauruwa ce. Yanzu ni ƙwadago nake yi wa mutane." Ta faɗi haka ba tare da ɗaga murya ba, kamar mai ba da labarin farashin gishiri.

Mahaifiyata ta nemi wuri a ƙasa ta zauna. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar da aka binne mahaifina. Da a ce mutumin nan ya ga gona ta yi kyau ne kwaɗayi ya kama shi, da sai mu ce halin ɗan Adam ne. Ashe tun ranar da ya zauna a kujerar mahaifina yana goge ido, ya san abin da ya kawo shi. Ya san ba mai tuge ciyawar nan ɗaya bayan ɗaya har ta ƙare sai wadda ba ta da zaɓi. Yana jin an yi rasuwa a coci, shi lebura ya samu.

Washegari na tafi wurin fasto ni kaɗai, na zayyana masa komai. Ya saurare ni da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba, na ga abin ya dame shi. Amma ƙarshenta cewa ya yi gona dai ta Baba ce, ba wanda ya shaida abin da aka faɗa a ɗaki, kuma bai kamata a tada husuma a gidan Allah ba. Ya ce mu yi haƙuri, ya yi mini addu'a. Na ce amin don kada a ce ba ni da tarbiyya.

Ita kuwa mahaifiyata, bayan 'yan kwanaki ta ɗaura ɗankwalinta ta koma gidan Baba. Wannan karon ba ta durƙusa ba, a tsaye ta gaishe shi. Ta ce, "Baba, na je na ga filin. Ka faɗi gaskiya, ƙarfina ya ƙare." Ta juya muka fito.

Shekarar nan mun sha wuya. Lokacin neman wata gona ya riga ya wuce. Mahaifiyata ta shiga ƙwadago a gonakin mutane da bayanta mai ciwo, ni kuma na samu koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi da albashinta ba ya kai mu tsakiyar wata. Irin dawar da muka ajiye don shuka, shi muka niƙa muka ci. Ba ta kai ƙarar kowa ba. Sai dai wata rana shugabar zumuntar matan cocinmu ta gan ta a kasuwa tana awon masara, ta ce, "Ke da kike da gona, me ya kawo ki layin masu awo?" Mahaifiyata ba ta iya ƙarya ba, ta faɗa mata.

Da kaka ta yi, aka sa ranar godiyar girbi a coci. Yadda muke yi, ana kiran gida-gida, kowane gida su taso daga ƙofa da abin da suka kawo, zumuntar mata na kaɗa tulu da kacau-kacau suna waƙa, su kuma suna takawa har gaban bagadi. An kira gidaje da dama, coci ta ɗauki zafi, ana ta rawa. Sai mai sanarwa ya kira gidan Baba. Ya bayyana a bakin ƙofa cikin babbar riga, 'ya'yansa a bayansa ɗauke da dammunan dawa manya-manya. Na gane dawar. Daga kan kunyoyinmu ta fito.

Shugabar zumunta ta ɗora tafin hannunta a bakin tulunta ta bar shi a nan. Ta kusa da ita ta ajiye kacau-kacau a cinya. Kafin ka ce me, layin matan nan gaba ɗaya ya yi tsit. Mai sanarwa ya ɗauka ba su ji ba, ya ce, "Zumuntar mata, a ba mu waƙa." Ba wadda ta motsa. Ya sake faɗa. Wata tsohuwa a cikinsu ta ciro tsumma tana goge gilashinta a natse.

Baba ya riga ya ɗaga ƙafa zai fara rawa. Ya tsaya, ya duba hagu ya duba dama, ya ga ba mafita, sai ya taho. Cocin nan tana da tsawo. Ba abin da ake ji sai ƙarar takalminsa a kan siminti da motsin zangarniya a kafaɗar 'ya'yansa. Na juya in ga mahaifiyata, don na san ba da ita aka shirya ba. Kanta na sunkuye, hawaye na ɗiga a kan zanenta. Ya ajiye dammunan, fasto ya yi addu'a gajeriya, ya koma mazauninsa. Aka kira gida na gaba, wani mai gyaran mota da matarsa da 'yar doyarsu guda uku. Tulunan nan suka tashi kamar za su fasa rufin kwano.

Kada ku ɗauka an dawo mana da gona. Ba a dawo da ita ba. Majalisar coci ma ta kira shugabar zumunta ta yi mata faɗa a kan kunyata dattijo, ta ce ta ji, hannunta ne ya gaji. Baba ya ci gaba da zama a kujerar gaba, ya noma gonar wasu 'yan shekaru, daga baya ya yanka ta fuloti-fuloti ya sayar, yanzu gidaje ne a wurin. Abu ɗaya dai na sani, bai sake samun gwauruwar da ta karɓi gona a hannunsa ba a cocinmu, don duk wadda aka yi wa rasuwa, matan zumunta kan riga shi zuwa.

Da ya rasu mahaifiyata ta ce sai mun je jana'iza, har abinci ta taya dafawa. Mai wa'azin baƙo ne, ya yi ta yabonsa, ya ce marigayi uban gwauraye ne. Na ji jinina ya hau. A cikin keke muna dawowa na ce, "Mama, kin ji abin da mutumin nan ya faɗa?" Ta ce, "Na ji. Ai uba iri-iri ne."

Yanzu na girma, ina da aikina da gidana, mahaifiyata tana wurina tana hutawa, duk da bayanta bai sake miƙewa daidai ba. Na ga cuta kala-kala a rayuwa, an yi mini wasu, amma ba wadda ta tsaya mini a wuya kamar wannan. Ɓarawon da ya haura katanga ya san shi ɓarawo ne, kai ma ka sani, ba ya tsammanin ka sa masa albarka. Wanda ya fi shi muni shi ne mai zuwa da sunan taimako a ranar da ba ka iya cewa a'a, ya ci ƙarfinka, kuma ya tafi da sunan mutumin kirki. Tun daga lokacin, idan na ji ana yabon wani a kan yana taimakon marasa ƙarfi, nakan so in ji daga bakin marasa ƙarfin tukuna.

Na san wasunku za su ce mutum ya mutu, a bar shi da Mahaliccinsa. Gaskiyarku ne. Mahaifiyata ta ce ita ta yafe tun tuni, kuma na yarda da ita. Ni dai ina nan ina ƙoƙari. Amma har yanzu duk ranar Lahadi, idan ana addu'a tare aka zo wurin da muke roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa wasu, sai in ji na rage murya.